Alfred Wegener: Bajamushen da ya ce nahiyoyin duniya tafiya suke yi

Masu karatu, a filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu duba rayuwar wani Bajamushe mai suna Alfred Wegener, wanda ya rasu cikin ƙanƙarar tsibirin Girinlan a shekara ta 1930 yana da shekaru 50 a duniya. Mutumin nan masanin yanayi ne, bai yi karatun duwatsu ba, amma shi ne ya tsaya kai da fata a kan cewa nahiyoyin duniya suna tafiya sannu a hankali, suna rabuwa, suna kuma karo da juna. Manyan masanan zamaninsa sun mayar da shi abin dariya, har ya koma ga Mahaliccinsa ba a yarda da shi ba. Sai bayan shekaru talatin da ƴan kai da mutuwarsa gaskiya ta yi halinta. Daga maganar tasa ce aka kamo bakin zaren yadda manyan tsaunuka suke tashi, har da tsofaffin duwatsun da Abzin yake zaune a kansu.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Alfred Wegener a birnin Barlin ranar 1 ga watan Nuwamba na shekara ta 1880, shi ne auta cikin ƴaƴa biyar. Mahaifinsa malamin addinin Kirista ne, yana koyar da tsofaffin harsuna, kuma yana riƙe da wani gidan marayu. Alfred ya karanci ilimin taurari, ya samu digirin dakta a jami'ar Barlin a 1905, sa'annan ya karkata ga nazarin iska da gajimare, ilimin da yake sabo a wancan lokaci. Ya kama aiki tare da wansa Kurt a tashar binciken sararin sama ta Lindenberg. A watan Afrilu na 1906 su biyun suka shiga kwandon wani ƙaton balan-balan suka yi sama da awa 52 a sararin sama ba su sauka ba, abin da babu wanda ya taɓa yi kafin su.

A wannan shekara ce ya bi ayarin masu bincike na ƙasar Denmak zuwa arewa maso gabashin Girinlan, tsibirin da ƙanƙara ta lulluɓe kusan ilahirinsa. Shekara biyu suka yi can, yana harba na'urori sama da balan-balan domin auna sanyi da ƙarfin iska. Shugaban ayarin, Mylius-Erichsen, da wasu mutanensa biyu sun halaka saboda yunwa da sanyi, amma wannan bai sa Wegener ya ja da baya ba. Da ya dawo gida ya zama malami a jami'ar Marburg, inda ya wallafa wani littafi kan zafi da sanyin iska a 1911 wanda ya fito da sunansa.

Taswira da ƙasusuwa

A 1910 yana duba taswirar duniya sai ya lura cewa gaɓar gabashin Amurka ta Kudu da gaɓar yammacin Afirka sun dace da juna, kamar ƙwaryar da ta fashe biyu: kumburin Brazil zai shige daidai cikin lungun tekun Gine. Wasu sun riga shi ganin haka tun ƙarnoni da suka wuce. A 1911 ya ci karo da wani rubutu da ke lissafa burbushin halittu iri ɗaya da aka tono a Brazil da Afirka, daga nan ya shiga tara hujjoji daga kowane fanni.

Akwai wata ƴar dabba mai kama da kada, Mesosaurus, wadda ba ta da ƙarfin ƙetare babban teku, amma ana samun ƙasusuwanta a Brazil da kudancin Afirka kaɗai. Akwai ganyen wata bishiya, Glossopteris, da ya daskare cikin duwatsun Afirka ta Kudu da Indiya da Ostareliya da Amurka ta Kudu. Akwai sawun ƙanƙara mai shekaru kimanin miliyan 300 a ƙasashen da suke da zafi a yau, ga kuma gawayin ƙasa, wanda asalinsa dazuzzuka ne, a tsibirin Spitsbergen kusa da ƙuryar arewacin duniya. Tsaunuka ma sun ba da shaida: na Apalash a gabashin Amurka suna yankewa a bakin teku, sai ga irinsu sun ci gaba a Skotlan da Norwe, na kudancin Afirka ta Kudu kuma sun ci gaba a Ajantina.

Ranar 6 ga Janairu 1912 ya tsaya gaban ƙungiyar masana duwatsu a birnin Frankfurt ya ce dukkan nahiyoyi a da dunƙule suke wuri guda, daga baya suka tsattsage kowace ta kama gabanta. Wannan babbar nahiya ita ce ake kira Panjiya.

Kafin ƙura ta lafa ya sake komawa Girinlan tare da Johan Peter Koch, ɗan ƙasar Denmak. Su huɗu suka yi hunturu a kan ƙanƙara, a 1913 suka ratsa tsibirin daga gabas zuwa yamma, tafiyar sama da kilomita 1,000. Cikin dawakan da suka tafi da su babu ko ɗaya da ya kai ƙarshen tafiya, su kansu da ƙyar suka sha. Da ya dawo ya auri Else, ƴar Wladimir Köppen, babban masanin da ya rarraba yanayin duniya gida-gida, rabon da har yau ake aiki da shi. Allah Ya ba su ƴaƴa mata uku. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914 aka ɗauke shi soja, aka ji masa rauni sau biyu. Yana cikin jinya ya kammala littafinsa, wanda ma'anar sunansa ita ce Asalin Nahiyoyi da Tekuna, ya fito a 1915. Ya sake gyara shi a 1920 da 1922 da 1929, aka fassara shi zuwa Faransanci da Ingilishi da wasu harsuna.

Rigima a kan tsaunuka

A wancan zamani yawancin masana sun ɗauka cewa duniya tana hucewa ne tana tsukewa, fatarta tana yamutsewa kamar tumatirin da aka shanya a rana, yamutsewar ita ce tsaunuka. Game da ƙasusuwa iri ɗaya a nahiyoyi dabam-dabam kuwa, sai suka ce da akwai gadojin ƙasa da suka haɗa su, suka nutse cikin teku. Wegener ya ce in da yamutsewa ce, da tsaunuka sun bazu ko'ina daidai wa daida, alhali a jere suke cikin dogayen layuka, galibi a gefen nahiyoyi. Ya ƙara da cewa dutsen nahiya ya fi na ƙasan teku rashin nauyi, saboda haka ba yadda za a yi gadar ƙasa ta nutse ta ɓace.

A ganinsa, nahiya tana keta ƙasan teku kamar yadda jirgin ruwa yake keta ruwa, goshinta yana tattarewa kamar tabarmar da aka tura jikin bango. Da haka ya fassara tsaunukan Andes na yammacin Amurka ta Kudu, ya kuma ce matsar da Indiya ta yi wa Asiya ce ta tayar da Himalaya. Jerin tsibiran da ke gabashin Asiya masu lanƙwasa kamar baka kuwa, ya ɗauke su gutsattsarin da nahiyar ta bari a baya lokacin da take matsawa yamma.

A nan ne abokan hamayyarsa suka samu abin kamawa. Da aka tambaye shi ƙarfin da ke tura nahiya, sai ya kawo jujjuyawar duniya da jan da rana da wata suke yi mata. Harold Jeffreys na jami'ar Kambirij ya yi lissafi ya nuna cewa wannan ƙarfi bai kai ko kusa ba, kuma dutsen ƙasan teku ya fi ƙarfin a keta shi. Ban da haka, awon da Wegener ya dogara da shi ya nuna Girinlan tana nisantar Turai da mita da dama kowace shekara, alhali abin bai wuce santimita biyu ba. A taron da masanan man fetur na Amurka suka yi a New York a watan Nuwamba 1926, yawancin masu jawabi sun yi watsi da ra'ayin nasa, wasu har da gorin cewa mai duban gajimare ba shi da ta cewa a sha'anin duwatsu. Jami'o'in Jamus ba su ba shi cikakkiyar kujerar farfesa ba, sai jami'ar Graz ta ƙasar Ostiriya ce ta ba shi a 1924. Ƙalilan ne suka mara masa baya, kamar Alexander du Toit na Afirka ta Kudu, da Arthur Holmes na Ingila wanda ya kawo shawarar cewa zafin cikin duniya yana sa dutsen da ke ƙarƙashin ɓawonta yana juyawa a hankali yana jan nahiyoyi.

Tafiyar ƙarshe

A 1930 Wegener ya jagoranci babban ayarin Jamus zuwa Girinlan domin kafa tashoshin auna yanayi guda uku. Ɗaya daga cikinsu, Eismitte, tana tsakiyar ƙanƙara, kimanin kilomita 400 daga gaɓar yamma, a tudu mai tsayin kusan mita 3,000. Ƙanƙarar teku ta tsare jirginsu sama da wata guda, aikin kai kaya ya makara. Mutum biyun da ke tashar, Johannes Georgi da Ernst Sorge, suka aiko cewa in man fitila da sauran kaya ba su iso ba kafin 20 ga Oktoba za su taso da ƙafa, wanda a wannan lokaci na shekara daidai yake da kai kai ga halaka.

Ranar 21 ga Satumba Wegener ya tashi da kekunan ƙanƙara 15 waɗanda karnuka ke ja, tare da Fritz Loewe da ƴan asalin Girinlan 13. Sanyi ya tsananta har ya wuce digiri 50 ƙasa da sifiri, mutanen suka riƙa juyawa gida, aka zubar da yawancin kayan a hanya. Mutum uku kaɗai suka isa tashar ranar 30 ga Oktoba bayan kwana 40: Wegener da Loewe da wani saurayi Rasmus Villumsen. Yatsun ƙafar Loewe sun riga sun mutu da sanyi, da ƴar wuƙar aljihu aka yanke su. Abincin tashar ba zai ishi mutum biyar ba, saboda haka ranar 1 ga Nuwamba, ranar da ya cika shekara 50, Wegener ya juyo tare da Villumsen. Ba a sake ganin su da rai ba.

A watan Mayu 1931 masu nema suka tarar da sandunan tafiyar ƙanƙara a kafe wajen rabin hanya, suka tona suka samu gawarsa a lulluɓe cikin mutunci, alamar Villumsen ne ya binne shi kafin ya ci gaba. Ana kyautata zaton zuciyarsa ce ta tsaya saboda wahala. Villumsen kuwa har yau ba a ga gawarsa ba. Matar Wegener ta zaɓi a bar mijinta inda yake, ƙanƙara ta ci gaba da rufe shi.

Abin da aka gano bayansa

Amsar da Wegener ya rasa tana ƙarƙashin teku. Tun yana raye wani Bajapane, Kiyoo Wadati, ya gano cewa akwai girgizar ƙasa da ke tasowa daga zurfin ɗaruruwan kilomita, daga baya shi da Hugo Benioff na Amurka suka nuna cewa wuraren da take tasowa a jere suke bisa wani layi da ya karkata ya gangara ƙarƙashin tsibirai, har zuwa zurfin kilomita 700. A 1952 Marie Tharp ta gano wata doguwar tsaga a tsakiyar tsaunukan da ke ƙasan Atlantika. A 1962 Harry Hess ya bayyana cewa a irin wannan tsaga narkakken dutse yake fitowa yana zama sabon ƙasan teku, a 1963 kuma Fred Vine da Drummond Matthews suka kawo hujjar haka daga maganaɗisun duwatsun. Kafin 1970 yawancin masana sun sallama.

Ga yadda abin yake. Ɓawon duniya a tsattsage yake zuwa manyan farantai, kowane yana tafiyar ƴan santimita a shekara, kwatankwacin tsiron farce. Nahiya ba ta keta ƙasan teku, tare suke tafiya a kan faranti guda. Tunda ana ƙirƙirar sabon ƙasan teku a wani wuri kuma duniya ba ta ƙara girma, dole tsohon ya ɓace a wani wurin. Yayin da ƙasan teku ya tsufa ya huce sai ya yi nauyi, ya lanƙwasa ya kutsa ƙarƙashin farantin da ke gabansa, ya koma cikin duniya. A bakin wurin kutsawar ake samun ramukan teku masu zurfi, kamar na Mariyana mai kusan mita 11,000. Shi ya sa ƙasan manyan tekuna na yau bai wuce shekaru miliyan 200 ba, alhali a kan nahiyoyi akwai duwatsu masu shekaru sama da biliyan uku.

Farantin da ke nutsewa yana tafiya da ruwa a cikin duwatsunsa. In ya kai zurfin kilomita 100 ko kusa da haka, zafi da matsi suna matse ruwan ya fita, ruwan kuma yana sa dutsen da ke sama ya narke cikin sauƙi. Narkakken dutsen ya taso ya huda sama, sai a samu jerin duwatsu masu aman wuta. In abin ya faru a gefen nahiya sai a samu irin Andes. In a tsakiyar teku ne sai a samu bakan tsibirai, kamar Mariyana da Tonga da Alushiyan. A irin wannan gaɓa ce, kusa da Sumatra, faranti ya zame ranar 26 ga Disamba 2004, igiyar ruwan da ta biyo baya ta kashe mutane sama da 200,000.

Dutsen bakan tsibirai ba shi da nauyin da zai nutse, haka ma na nahiya. Saboda haka in ƙasan tekun da ke tsakaninsu ya ƙare, sai gefen nahiya ya iso bakin ramin ya toshe shi, tsibiran su hau kansa su manne. Laka da yashin da suka taru a tekun su naɗe su hau juna, ɓawon ƙasa ya yi kauri, tsauni ya tashi, wani lokaci har a jefo gutsuren ƙasan teku bisa tudu. Ana ganin haka yau a Taiwan, inda bakan tsibiran Luzon yake karo da gefen Asiya tun shekaru miliyan biyar zuwa shida, tsaunin Yushan ya kai mita 3,952. A arewacin Pakistan akwai yankin Kohistan, tsohon bakan tsibirai ne da ya maƙale tsakanin Indiya da Asiya.

Tsaunukan Apalash da Wegener ya kafa hujja da su ma haka suka faro. A 1966 Tuzo Wilson na Kanada ya nuna cewa kafin Atlantika ta yau an yi wani teku a wurin wanda ya rufe. Kimanin shekaru miliyan 450 da suka wuce bakan tsibirai ya yi karo da gefen Amurka ta Arewa, wasu yankuna suka biyo baya, a ƙarshe Afirka ta iso wajen shekaru miliyan 300, Panjiya ta haɗu. Ɗaya gefen wannan karo yana Muritaniya da Senegal. Ruwa da iska sun cinye tsayin tsaunukan, saiwarsu ce ta rage.

Abin da ya shafe mu

Irin wannan saiwa tana ƙarƙashin ƙafarmu. Duwatsun Abzin da na Ahaggar a Aljeriya da na Adrar na Ifoghas a Mali gida ɗaya ne. A 1994 Russell Black da abokan aikinsa suka nuna cewa yankin haɗin gambiza ne na gutsattsarin ƙasa 23 da suka manne da juna tsakanin shekaru miliyan 750 zuwa 550 da suka wuce, lokacin da wani teku ya rufe tsakaninsu da tsohuwar ƙasar Afirka ta Yamma. A kwarin Tilemsi na Mali akwai ragowar bakan tsibirai mai shekaru sama da miliyan 700. Abzin kansa gutsure uku ne, Asode da Bargot da Awzeger, kuma a na ƙarshen an samu duwatsun da asalinsu ƙasan teku ne. Tsaunukan da wancan karo ya tayar sun daɗe da zaizayewa. Ƙololuwar da ake gani yau, irin Bagzan mai mita 2,022, daga baya narkakken dutse ya kutso ya gina su a kan tsohon tushen.

A yammacin ƙasarmu, a Liptako, duwatsun sun fi haka tsufa, shekarunsu sun haura biliyan biyu, kuma masana da yawa suna ɗaukar su ragowar bakunan tsibirai ne da suka haɗu. A cikinsu zinariyar Samira da ta Komabangu take. Ke nan mai neman ma'adini da ya san inda tsofaffin gaɓoɓin nan suka bi ya san inda zai fara tono.

A 1967 ayarin Patrick Hurley ya auna shekarun duwatsu a Gana, ya samu iyaka tsakanin masu shekaru biliyan biyu da masu miliyan 600 kusa da Akara, sa'annan aka je Brazil aka tarar da ci gaban iyakar kusa da birnin Sao Luis, daidai inda taswirar Wegener ta nuna. A Gadufawa kuma, cikin jahar Agadas, an tono ƙasusuwan wani ƙaramin kada mai shekaru kimanin miliyan 110 wanda aka riga aka san ɗan'uwansa a arewa maso gabashin Brazil. A 1981 masanin Faransa Eric Buffetaut ya raɗa masa suna Araripesuchus wegeneri domin girmama mutumin.

Jamus ta sa sunansa ga babbar cibiyarta ta binciken tekuna da yankunan ƙanƙara da aka kafa a Bremerhaven a 1980, shekara ɗari da haihuwarsa. Wegener ya yi kuskure game da ƙarfin da ke tura nahiyoyi da saurin tafiyarsu da asalin yawancin bakunan tsibirai, kuma masu sukarsa suna da gaskiya a waɗannan wurare. Inda suka yi tuntuɓe shi ne, da suka rasa amsar yadda abin ke faruwa, sai suka jefar da hujjojin da ke nuna cewa ya faru. Ɗalibanmu masu karatun ilimin ƙasa a Yamai da Agadas da Damagaram suna da waɗannan hujjoji a cikin ƙasarsu, kuma akwai sauran aiki mai yawa na aunawa da zana taswira da ke jiran su.